Tauraro biyar ba ya juya mara lafiya: yadda ake gane gidan kula da tsofaffi na ƙwarai

Mu 'yan zamanin nan mun saba da taurari. Kafin ka sauke manhaja sai ka leƙa taurarinta, kafin ki yi odar takalmi sai kin karanta abin da waɗanda suka riga ki saye suka ce. Mai tauraro biyar ya ci kasuwa, mai ɗaya ko kallo bai ishe mu ba. To a Amurka har gidajen jinya da kula da tsofaffi taurari gare su, kuma ba 'yan intanet ne ke rabawa ba, gwamnatin tarayya ce. Tun watan Disamban 2008 hukumar da ke tafiyar da inshorar lafiya ta Medicare da Medicaid take bai wa kowane gida maki daga tauraro ɗaya zuwa biyar, ta wallafa a shafin da yanzu ake kira Care Compare. Gidajen sun kai kusan 15,000, mazaunansu kuma sun haura miliyan ɗaya.

Wani zai ce ina ruwanmu, mu da ba ma kai iyayenmu gidan gajiyayyu? Da ruwanmu. Akwai Hausawa a New York da sauran biranen ƙasar, daga Najeriya da Nijar da zangonnin Gana, waɗanda suka je da ƙuruciya yanzu furfura ta cika kai. Akwai matasanmu da ke aikin kula da tsofaffi a can, da ninkinsu da ke mafarkin zuwa. Kuma ranar da aka ce Baba ya faɗi a banɗaki ya karye a ƙugu, asibiti ta ce nan da kwana biyu za ta sallame shi zuwa gidan gashi, kai ne za a jefo wa saƙo a zauren WhatsApp na dangi: kai da ka iya waya, duba mana wanne ya fi. Ranar za ka gane ƙirga taurari daban, sanin abin da ke bayansu daban.

A ƙarshen watan Fabrairun 2020, lokacin da yawancinmu ke jin korona a matsayin labarin ƙasar Sin, cutar ta ɓarke a wani gida mai suna Life Care Center da ke Kirkland, kusa da birnin Siyatil a jihar Washington. Nan ne wuri na farko a Amurka da ta yi wa mutane ɗauki ɗai-ɗai a ƙarƙashin rufi guda. Mutum sama da 35 suka rasu. Taurari nawa gidan yake da su a lokacin? Biyar cif. Masu binciken gwamnati sun ce gidan bai gaggauta gano marasa lafiya ba, bai sanar da hukumomin lafiya yawaitar ciwon numfashi da wuri ba, kuma ba shi da tanadin wanda zai maye gurbin likitansa da ya kwanta ciwo. An ci shi tarar sama da dala dubu 600, shi kuma ya ƙalubalanci hukuncin. A yi adalci, cutar sabuwa ce, kayan gwaji ma ba su wadata ba a lokacin. Amma dai iyalan da suka zaɓi gidan saboda taurarinsa ba su sami abin da suka zaci sun saya ba. Kafin shekara biyu ta cika, mazauna da ma'aikatan irin waɗannan gidaje sama da dubu 200 ne korona ta kashe a faɗin ƙasar.

Taurari uku ne a cikin ɗaya

Makin da kake gani a sama haɗin gambiza ne na abubuwa uku, kuma ba ƙarfinsu ɗaya ba. Na farko shi ne binciken ba-zata: jami'an jiha su diro ba tare da sanarwa ba, kusan sau ɗaya a shekara, su duba kicin, su duba magunguna, su yi magana da mazauna, su rubuta duk laifin da suka gani. Na biyu yawan ma'aikata. Na uku alƙaluman lafiyar mazauna, wato nawa ne suka faɗi, nawa suka yi gyambo, nawa aka mayar asibiti. Ana farawa da tauraron bincike, sannan a ƙara ko a rage gwargwadon sauran biyun.

Inda gizo ke saƙar shi ne na ukun, domin mafi yawan waɗannan alƙaluma gidan ne da kansa yake aika wa gwamnati. Ɗalibi ne aka ba shi takardar jarrabawarsa ya yi wa kansa maki. A watan Maris na 2021 jaridar New York Times ta wallafa dogon bincike da ya nuna gidaje da dama na ƙawata bayanansu, suna ɓoye faɗuwar tsofaffi da gyambonsu, suna kuma kumbura yawan ma'aikata. Saboda haka idan ka ga gida yana da tauraro biyu a bincike amma biyar a alƙaluman da ya kai da kansa, ni dai biyun nan zan gaskata.

Ko tauraron binciken ma akwai abin lura. Ana gwada gida ne da takwarorinsa na cikin jiha ɗaya: kashi 10 cikin ɗari na sama su sami biyar, kashi 20 na ƙasa su sami ɗaya. Ke nan biyar a wata jiha ba lallai ta yi daidai da biyar a wata ba. Abin da ya fi shi ne ka buɗe rahoton binciken kansa ka karanta. Dokar tarayya ta tilasta wa kowane gida ya ajiye rahotonsa na baya-bayan nan a inda baƙo zai iya gani. Laifin rashin rubuta kwanan wata a robar abinci daban yake da laifin barin tsohuwa ta fita cikin sanyi da dare ba wanda ya sani. Idan kuma ka ga alamar jan tafin hannu kusa da sunan gida, wadda aka fara sakawa a 2019, an kama gidan da laifin cin zarafin mazauni ke nan. Ba ado ba ce.

Hannu nawa, kuma tun yaushe?

In za a ce in zaɓi abu ɗaya tak, ma'aikata zan zaɓa. Likita kan leƙo ya tafi. Wadda ke yi wa tsoho wanka, ta canza masa kunzugu, ta ba shi abinci a baki cokali-cokali, ta lura cewa yau bai gama kofin ruwansa ba, ita ce mataimakiyar nas, wadda albashinta ke cikin mafi ƙanƙanta. Rayuwar mutum a hannunta take.

A can ana auna wannan da sa'o'in aiki ga kowane mazauni a rana. Wani rahoto da aka miƙa wa majalisar dokokin ƙasar a 2001 ya ce ƙasa da sa'a 4.1 kulawa na fara taɓarɓarewa. Mu yi lissafi a sauƙaƙe: gida mai mutum 100 yana buƙatar sa'a 410 a kullum, wato wajen ma'aikata 51 masu aikin sa'a takwas-takwas, a raba su safe da yamma da dare. Gidaje da yawa ba sa kaiwa nan. A watan Afrilun 2024 gwamnatin Biden ta kafa ƙa'idar aƙalla sa'a 3.48, tare da sharaɗin a sami cikakkiyar nas a gida dare da rana. Masu gidajen suka garzaya kotu suna cewa ko sun nemi ma'aikatan ba su samu, kuma a Afrilun 2025 wani alƙalin tarayya a jihar Texas ya soke ƙa'idar. Saboda haka kada ka ɗauka doka ta riga ta yi maka wannan aikin.

Alhamdu lillahi, wannan ɓangaren ya fi wuyar maguɗi yanzu, domin tun 2018 daga takardun biyan albashi ake ciro yawan ma'aikatan da ke shiga maki. Daga 2022 kuma aka fara nuna abubuwa biyu masu tona asiri: yawan ma'aikata a ranakun Asabar da Lahadi, da yawan masu ajiye aiki a shekara. Na biyun nan ya fi ba ni tsoro. Wani nazari da mujallar Health Affairs ta buga a 2021 ya gano cewa a gida na tsaka-tsaki, yawan ma'aikatan jinyar da ke barin aiki cikin shekara ya kai kusan kashi 94 cikin ɗari na adadin ma'aikatan gidan. Ka yi tunanin tsohuwa mai ciwon mantuwa, kowane wata sabuwar fuska ce ke cire mata riga. Wadda ta san Hajiya ba ta haɗiye ƙwaya sai an nika, ta san idan ta yi shiru da yawa to zazzaɓi ne, ta tafi, ilimin ya tafi da ita.

Shi ya sa idan ka je duba gida, bayan manaja ya gama zagayawa da kai falo mai furanni da kifi a gilashi, ka tsaya ka gaisa da wata mataimakiya. Shekara nawa kika yi a nan? Mutum nawa kike kula da su yau? Da dare fa? Mai kula da mutum takwas tana iya zama ta jira tsoho ya tauna. Mai kula da ashirin ko waliyyiya ce sai ta yi gaggawa. Wannan tambayar dai ita ce ta masu neman aikin ma. Matasan Najeriya da yawa sun tafi Birtaniya bayan da ta buɗe bizar masu kula da tsofaffi a Fabrairun 2022, kafin ta rufe ƙofar ɗauko sababbi daga waje a Yulin 2025, kuma duk wanda ya yi aikin zai gaya maka gidan da ke gallaza wa ma'aikaci ba ya iya kyautata wa mazauni.

Ka kuma tambayi wa ke da gidan. Kusan kashi 70 cikin ɗari na gidajen Amurka na neman riba ne, kuma wannan ba laifi ba ne a kan kansa. Sai dai wani nazarin masana tattalin arziki da ya fito a 2021 ya gano cewa idan kamfanonin da sana'arsu ita ce sayen kamfani su matse shi su sayar suka karɓi gida, mace-macen marasa lafiya masu gajeren zama na ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin ɗari, ma'aikata kuma na raguwa. Ɗaki na mutum ɗaya yakan haura dala dubu 100 a shekara, saboda haka kuɗi na shiga. Tambayar ita ce ina suke zuwa.

Shirun da ya yi yawa

Akwai gidan da za ka shiga ka ji tsit, tsofaffi jere a keken guragu, kai a sunkuye, ƙarfe sha ɗaya na safe. Baƙo sai ya ce kai, wurin nan akwai natsuwa. A yi hattara. Mai ciwon mantuwa yakan yi ihu, yakan yi yawo, yakan yi faɗa a lokacin wanka, kuma hanya mafi arha ta samun sauƙinsa ita ce a ɗura masa maganin masu taɓin hankali ya yi laƙwas. Tun 2005 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi mai ƙarfi cewa irin waɗannan magunguna na ƙara haɗarin mutuwa ga tsofaffi masu ciwon mantuwa. Dokar gyaran gidajen jinya ta 1987 ma ta haramta ɗaure mazauni, da igiya ko da magani, don horo ko don sauƙaƙa wa ma'aikata.

Gwamnati ta sa yawan masu shan maganin cikin abin da ke rage maki, amma ta cire masu cutar sikizofireniya daga lissafi tunda su suna buƙatarsa da gaske. Me ya biyo baya? Sai cutar ta yawaita a takarda. A Satumban 2021 New York Times ta ruwaito cewa mazauni ɗaya cikin tara an rubuta masa sikizofireniya, alhali a cikin jama'a kusan mutum ɗaya ne cikin 150, kuma cuta ce da galibi ke bayyana tun a ƙuruciya, ba a shekara tamanin ba. A farkon 2023 hukuma ta fara bin diddigin waɗannan rubuce-rubuce. Saboda haka idan naka na ciki, ka nemi jerin magungunansa duk wata, ka tambayi amfanin kowanne. Haƙƙinka ne in kai ne wakilinsa. Sabuwar cuta da ta bayyana a fayil ba tare da wani ya kira ku ba abin tsayawa ce a kai.

Jiki kuma ba ya ƙarya. Gyambon kwanciya yana fitowa ne inda ƙashi ke danne fata a kan katifa: ƙasan baya, ƙugu, dunduniya. Yana iya farawa cikin 'yan sa'o'i, kuma idan aka bar shi yakan ci nama har ƙashi. Ƙa'idar da aka saba ita ce a juya wanda ba ya iya motsi kusan duk sa'a biyu, dare da rana. Tauraro ba ya yin wannan, hoton Instagram ba ya yi, mutum ne mai hannu biyu yake yi da ƙarfe uku na dare. Ka duba farce, ka duba baki ko a bushe yake, ka ga ko kofin ruwa na inda hannu zai kai. Warin fitsari a ɗaki ɗaya na iya zama tsautsayin minti biyar da suka wuce. Warin da ya kama labule da bango ya kwana biyu. Kuma idan ƙararrawar kira ta yi ƙara, ka dubi agogon wayarka a ɓoye ka ga minti nawa kafin wani ya zo.

Gashi daban, zaman dindindin daban

Yawancin gidajen nan aiki biyu suke yi a gini ɗaya, kuma gida na iya ƙwarewa a ɗaya ya gaza a ɗayan. Akwai masu zaman dindindin, akwai kuma waɗanda aka kawo daga asibiti bayan tiyata ko karaya ko shanyewar ɓarin jiki don a yi musu gashi su koma gida. Ga na biyun, Medicare na biyan har kwana 100 bayan kwanciyar asibiti ta aƙalla kwana uku: ashirin na farko gaba ɗaya, sauran kuma mara lafiya na sa nasa kason. Agogo na tafiya ke nan tun ranar farko.

A nan abin tambaya shi ne kashi nawa na marasa lafiyarsu ke komawa gida, kashi nawa ake mayarwa asibiti cikin wata guda. Alƙaluman nan biyu sun fi sauran aminci domin daga takardun biyan kuɗin inshora ake ciro su. Sannan kwana nawa a mako ake gashi, minti nawa, kuma masu gashin ma'aikatan gidan ne ko 'yan haya ne masu zuwa su tafi? Idan an kawo Baba ranar Juma'a da yamma, sai Litinin za a fara taɓa shi? Ba ƙaramin abu ba ne. Wani gwaji da aka buga a 2007 ya nuna tsofaffi masu ƙoshin lafiya da aka kwantar kwana goma sun rasa kusan kilo ɗaya na tsokar ƙafafu. Masu lafiya ke nan fa. Ka leƙa ɗakin gashin da kanka a ranar aiki: na'urori masu ƙyalli da ba kowa a kansu kayan ɗaukar hoto ne kawai.

Akwai kuma abin da babu tauraron da ke aunawa, wanda mu ya dame mu. Za a samu abincin halal, ko kullum sai dai a ce ya ci ganye da dankali? Za a taimaka masa ya yi alwala, a juya gadonsa ko kujerarsa gabas? Hajiya za ta iya cewa mace take so ta yi mata wanka? Dokar 1987 ta ba mazauni haƙƙin a mutunta zaɓinsa gwargwadon iko, amma yadda manaja ya amsa tambayar zai gaya maka ko sun taɓa yi. Ga batun harshe: mai ciwon mantuwa yakan rasa yaren da ya koya da girma ya koma na uwa. Dattijon da ya yi shekara talatin yana tuƙa tasi da Turanci yana iya wayar gari ba ya cewa yana jin ƙishirwa sai da Hausa. Idan ba mai jin sa, sai a rubuta cewa ya rikice. Rubuta wa ma'aikata kalmomi goma a kwali, ruwa, ciwo, banɗaki, sanyi, a manna a jikin gado, yana iya hana a kai ga allura.

Mu dawo gida kaɗan, don kada mu yi ta leƙen na wasu muna murmushi. Gaskiya ne a wurinmu kai mahaifi gidan gajiyayyu abin kunya ne, kuma ina ganin akwai alheri babba a wannan kunyar. Amma a gidajenmu wa ke jinyar? Galibi mace ɗaya ce, matar ɗa ko autar gida, ba hutu, ba mai karɓar ta da dare, ba wanda ya taɓa nuna mata yadda ake ɗaga mai shanyewar jiki ba tare da ta ji wa bayanta ciwo ba. Sauran 'yan'uwa na turo kuɗi da addu'a ta waya. Idan gida mai ma'aikata hamsin yana kasa juya mutum duk sa'a biyu, yaya mutum ɗaya za ta yi wata shida? Gyambon kwanciya bai san ko a Kirkland yake ko a Kurna ba. Tambayoyin duk ɗaya ne: hannu nawa, wa ke aikin dare, yaushe aka yi gashi na ƙarshe, wane magani ake ba shi don ya yi barci kuma wa ya rubuta.

Ga wanda nasa ke can kuwa, aikin ba ya ƙarewa ranar da aka zaɓi gida. Ziyarar da aka shirya da manaja ranar Talata da hantsi gida ne cikin kayan sallah. Ka koma Lahadi da yamma lokacin cin abinci, ba tare da ka kira ba, ka zauna har a kwashe kwanuka ka ga nawa suka koma ba a taɓa ba. Ku raba ranakun zuwa tsakaninku, kada ya zama lokaci ɗaya kullum. Gida na shirya zaman tsara kulawa da iyali lokaci-lokaci, ku halarta ko ta bidiyo ne, ku zo da tambayoyi a rubuce. Kowace jiha tana da jami'in sauraron koken mazauna gidajen jinya, kyauta yake aiki, kuma dole a manna lambarsa a bango inda kowa zai gani. Ka ɗauki hotonta tun ranar farko. Kafin ka yi sallama kuma, ka ɗaga bargo ka dubi dunduniyar Baba.